Yadda Na Daidaita Madubin Baturen Safiyo

Shekarun baya can, zamanin Turawa, ina ƙirar fari, wato aikin tagulla da azurfa, a Haɗejiya, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Wani abokina, tafintan Baturen safiyo mai awon ƙasa, ya zo maƙerata da wani faifan ƙarfe a naɗe cikin bargo. Ya ce madubi ne na na'urar da maigidansa ke kallon taurari da ita, tagulla da kuza aka haɗa aka zuba shi a Ingila. Laimar fadama ta sa ya dushe. Bature ya so ya mayar da shi ƙasarsu, abokina ya rantse masa cewa akwai mai iya wankewa a nan. Bature ya ce in ya lalace, a bakin aikinsa.

Wankewa kawai aka ce. Amma da na ɗora bakin wuƙa a kan faifan, sai na ga haske yana ratsawa ta tsakiya. Ashe yana da ɗan kwarmi, kamar faranti. Na yi tsaki. Wai maƙeran Ingila ke nan! A wurinmu madubi mai kwarmi aikin rago ne. Kwana huɗu ina gurza shi a dutsen washi har ya miƙe sumul, na bi shi da toka mai laushi, ya fito fes.

Da hantsi muka kai bariki. Bature bai ko duba fuskarsa a ciki ba. Ya tara shi a rana, ya ja zaren awo, ya riƙe takarda a ƙarshen zaren yana matsar da ita gaba da baya. Ya daɗe yana yi. Sannan ya yi magana a hankali, abokina ya fassara mini.

"Ya ce kwarmin nan shi ne aikin. Shi ke tara haske wuri ɗaya. Wata da watanni aka yi ana auna shi."

Sai abokina ya ƙara da cewa, "Sauran maganar tawa ce, ba sai na fassara ba."

A makon aka sallami abokina daga aiki, ya koma Guri ya kama sana'ar kamun kifi. Bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya rasu, ni kuma girman kai ya hana ni ba shi haƙuri. Wannan ne ke damuna har yau. Tun daga lokacin, in aka kawo mini aikin wani maƙeri na ga abin da ya yi kama da kuskure, sai na tambaya kafin in taɓa.