Gaisuwar da Yaya Sale Bai Ji Amsarta Ba

Bana shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar yayana Sale, wanda mutanen Sule Tankarkar suka fi sani da Sale Tela. Sanƙarau ne ya ɗauke shi a bazarar da cutar ta yi wa yankinmu ɓarna, kwana uku kacal ya yi a kwance. Duk shekara nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, kuma dalilin yana cikin wayata, wato wannan shafi na sada zumunta da wasu ke zagi safe da yamma.

Mu uku iyayenmu suka haifa: Yaya Sale, ni, sai autanmu Habu. Habu yana da shekara biyar aka ba Baffa Jibo riƙonsa, ƙanen mahaifinmu da Allah bai ba haihuwa ba. Da gonaki suka cinye makiyaya, Baffa ya kora shanunsa ya tsallaka ƙasar Damagaram da yaron. An ɗan riƙa jin labarinsu a bakin 'yan kasuwar Maigatari, daga baya ɗif. Inna ba ta taɓa furta komai ba, domin a wurinmu ɗan da ka bayar ka bayar, tambayarsa ma abin kunya ne. Sai dai kowa ya ga tana ramewa.

Yaya Sale ne ya ƙi haƙura. Wajen lokacin da aka ba mu jihar Jigawa ya shiga ƙungiyar masu gaisuwa ta rediyo. Matasan yanzu ba su san wannan harka ba. Kati ake saye, ka cika shi da sunayen mutane, a kai gidan rediyo, ka zauna jiran ranar da za a karanta. Kowane ɗan ƙungiya da laƙabinsa, wannan sarkin zumunci, wancan garkuwan masoya, alhali ko akuya ba su mallaka ba. Yaya yakan jera abokansa, sannan a ƙarshen kowane kati ya rubuta: Habu na Baffa Jibo, duk inda yake a ƙasar Damagaram.

Ni kuwa lokacin ina ɗan sabon malamin makaranta mai ji da kansa, dariya nake yi masa. Na taɓa ce masa, "Yaya, wanda ke daji da shanu ina ya ga rediyo?" Ko ɗago kai daga keken ɗinkinsa bai yi ba, ya ce, "Kai dai bari, murya ba ta tsayawa a shingen kan iyaka." Duk Lahadi da hantsi, idan shirin ya zo, sai ka ga Inna ta jawo faifanta kusa da rediyon wai tana tsince gero. Ana wuce sunan Habu sai tsincen ya ƙare. Shekara biyar ana haka, ko sau ɗaya amsa ba ta zo ba. Yaya ya rasu, katin ya tsaya, Inna ta bi shi bayan damina biyu.

Bara, ina zaune a Gumel na yi ritaya, na sa tsohon hoton Yaya a wani zauren 'yan yankinmu da ke shafin, na rubuta wancan layi nasa a ƙasa. Ba nema nake yi ba, kewa ce kawai. Mutane suka yi ta turawa. Kwana huɗu sai ga saƙon wata mata mai sayar da atamfa a can Nijar, ta ce akwai wani Habu maƙwabcinsu wanda Baffansa Jibo ya riƙe. Washegari ta kai masa wayarta, na ga dattijo da furfura da goshin mahaifinmu.

Bayan mun gama kuka na ba shi labarin katin. Sai ya ce, "Yaya, ai ina ji. Duk Lahadi ina ji. Baffa ma yana ji, rediyon nasa ne. In an zo sunana sai ya duƙar da kai, ni ma in duƙar."

Na ce, "To me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "Mutumin da ya riƙe ni, ba shi da kowa sai ni. In dube shi in ce zan je neman iyayena? Na ce bari sai ya kwanta dama. Kafin nan gaisuwar ta tsaya. Sai na ce sun gaji da ni, sun yi fushi. Da wane ido zan zo?"

Shekara ashirin da takwas ƙanena ya yi yana zaton fushi ake da shi. Ni ne na gaya masa abin da ya tsayar da gaisuwar, kuma ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba.

Shi ya sa idan na ji ana tsine wa shafin nan da wanda ya ƙirƙiro shi, raina yakan ɓaci. Na sani ana ƙarya a ciki, ana zagin manya, yara suna ɓata lokaci. Ban san mutumin ba, an ce wani bature ne, yana ɗalibi ya fara, yanzu ya yi arziki, to Allah ya ƙara masa. Ni abu ɗaya nake gani: ya gane cewa wanda ya ji yana bukatar hanyar amsawa, a ɓoye ma, ba tare da ya kunyata kowa ba. Da akwai wannan a zamanin Yaya, da Habu ya koma bayan garke ya danna yatsa sau ɗaya, Baffa bai sani ba, da Inna ta mutu da sanyin zuciya.

Nakan yi tunanin abin da Yaya zai yi da ya ga yau. Na tabbata da ya addabi kowa da barka da asuba, ɗinkin mutane na jibge har jajibirin salla. Da kuma ya sa sunan wannan bature a jerin waɗanda yake gaisarwa, da laƙabin da zai raɗa masa.

Yaya bai bar ɗa ba, keken ma an sayar tuntuni. Na ɗauka babu abin da ya rage nasa sai hoton nan. Da Habu ya zo bayan babbar salla, sai ya zauna ya jero mini sunayen da ke katin ɗaya bayan ɗaya, yadda ake karanta su, har da waɗanda ni na manta.

Ya ce in kai shi kabarin Yaya. Muka je, amma an binne mutane da yawa a waccan shekara, ƙasa ta baje, na kasa gane wurin. Muka tsaya a gefe muka yi addu'a. Da muka shafa, Habu ya dubi filin ya ce a hankali, "Yaya, ina amsawa. Duk na ji."