Baftismar Kakanmu a Shekarar Fari

Kakarmu Iya Tabawa in ta yi dariya har kajin Bagwai sai sun firgita, ni ma ita na gado. Bayan tuwo mukan kewaye wutar kara a tsakar gida, ta yi ta zuba mana tatsuniya har wani ya ɓingire. Amma akwai labari guda da ba ta yi masa sallamar tatsuniya. Sai dai ta tura kara a wuta ta ce, "Ku matso, 'yan nema, wannan da idona na gani."

A lokacin cocin Baftis na ƙauyenmu rumfar zana ce, masu bi ba su cika tabarma biyu ba. Shekarar fari ce. An cinye iri, an koma dusa da tafasa, sai mace ta wuni a bakin rijiya ta samu rabin tulu. Mijinta, kakanmu, shi ne na ƙarshe a gidan da ya bar tsafin iyayensa, kuma tari ya riga ya gama da shi. Ya ce a yi masa baftisma kafin ya tafi.

Mu kuwa ba a yayyafa mana ruwa, sai an nutsar da mutum ɗungurungum. Mai bishara ya ƙi sassautawa, tsohon ma ya ƙi. Ga rafi ya bushe ƙayau. Maza suka haƙa rami a yashi, ruwan da ya tsattsafo ko idon sawu bai rufe ba.

"Muka kwantar da shi," in ji Iya, "ga hancin nan naku na gado a tsaye kamar suri."

Mukan kwashe da dariya. Ita ba ta yi.

Sai mata suka ɗauko ruwan shansu, Iya a gaba. Har Inna Hajara, maƙwabciyarmu Musulma, ta zo da nata tana cewa, "Tabawa, ni ban gane wankan nan naku ba, amma ba a hana mai tafiya guzuri." Aka yi ta juye tuluna har ruwa ya rufe shi. Kafin a gama waƙa yashi ya shanye. Yara suka kwana kukan ƙishi. Cikin makon aka binne mutum biyu a gidanmu: kakanmu, da 'yar da Iya ke goyo.

Yau cocin ya yi girman da in fasto ya yi atishawa a gaba, sai an tashi na baya ke ji. Akwai kwamin baftisma na siminti har da famfo, samari na ƙorafin ruwan ya yi sanyi. Muna yara mun ɗauka labarin nasara ne. Sai da na haifi nawa na lura Iya ba ta taɓa cewa ta yi daidai ba, ba ta kuma ce ta yi kuskure ba. A kan binnewar nan take tsayar da labarin, ta miƙe ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da moɗa. Ko ba ka jin ƙishi sai ka sha kafin ka kwanta.