Tayar da Ta So Tsofar da Mahaifinmu

Kafin masu shaguna su buɗe, Baba Hau-mu-gani ya riga ya share rumfarsa, ya cika bahon gwada tub ɗin taya da ruwa, ya jera ƙarafansa a kan buhu. A haka gashinsa ya yi fari. Yanzu da ya ce zai bar wa ɗansa rumfar ya huta, ni kam ba zan bari ya tafi shiru ba.

Sunan nan bakinsa ne ya jawo masa. Duk wanda ya kawo babur a canja masa taya, ba ya taɓa sufana sai ya ce, "Hau mu gani." Ka hau, ka sauke ƙafa, shi kuma ya durƙusa yana leƙen diddigenka. Masu haya kan tsokane shi: "Baba, taya muka zo saye, ba takalmi ba." Sai ya ce, "Ai ita ce takalmin. In ta fi ka tsayi, kai za ta kayar."

Mu a gidanmu mun ga amfanin leƙen nan. Mahaifinmu da baburinsa sai Allah, da shi yake zuwa gonarsa. Ƙanena, don ƙauna, ya sa aka cire tsofaffin tayoyin a wani wuri aka saka manya, wai babbar taya ta fi jure ramuka. Ba a jima ba tsoho ya faɗi a bakin ƙofa, babur a tsaye. Ya sake faɗuwa a mahaɗar titi. Muka taru muka yanke cewa tsufa ne ya zo, a karɓe makulli. Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Ya koma zaman tabarma, abinci ma sai an lallaɓa.

Ni na tura babur zuwa rumfar don a duba shi kafin a sayar. Ina kafe shi, Baba Hau-mu-gani ya ce, "Ɗana, me ya sa ya kwanta gefe haka? Wa ya ƙara masa tsayi?" Ya shafa gefen tayar, ya nuna mini da yatsunsa yadda kaurinta ya ɗaga babur daga ƙasa, har ƙarfen kafewa ya yi masa gajarta. "Je ka zo da mai shi."

Da ƙyar mahaifinmu ya yarda ya zo. Ya hau, sai ga shi yana ɗage, yatsun ƙafa kawai ke taɓa ƙasa. Baba Hau-mu-gani ya yi dariya ya ce, "Sa'ana, in kai ka tsufa, ni kuma fa? Ƙasa aka nisanta maka." Ya mayar da tayoyi daidai da na asali, gaba da baya, don a cewarsa in ka canja ɗaya ka bar ɗaya, kan babur ba ya jin magana. Tsoho ya sake hawa, tafin ƙafarsa ya zauna daram. Sai ya miƙo mini hannu: "Ba ni makullina."

Baba, kai ne mai duba mutum kafin ka duba ƙarfe. Mu 'ya'ya, da muke ganin mahaifinmu kullum, mun yanke masa hukunci ba mu durƙusa ba. Kai ka durƙusa. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa hutun ya karɓe ka. Masu tasowa a sana'ar nan, ku koyi wannan haƙuri, ku tambayi wanda zai hau kafin ku ɗaura masa taya.

Ranar da Baba Hau-mu-gani ya miƙa rumfar, ɗansa ya ce zai nemo masa mota zuwa gida. Mahaifinmu ya ce ba a isa ba. Shi ya goya shi a bayan babur, tsofaffi biyu, suna tafe suna gardama, har suka sha kwana.