Amshin Waƙar Hadari

Jiya da la'asar aka yi ruwa a unguwar Rusaifa, nan ƙasa mai tsarki. Ina tsaye a bakin shago ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya bugi hancina, sai na tuna Kawu, Allah ya jiƙansa.

Ba ya rubuta waƙoƙinsa. A saman gidanmu na unguwar Nakkasa yake rera su, yana buga gwiwa da tafin hannu, ni ina yi masa amshi. Na taɓa ce masa, "Kawu, garin da ba a cika ruwa ba, me ya haɗa ka da hadari da tattabaru?"

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, hadarin gida ne, can ƙasar Hausa, tattabarar kuma ni ne. Ka riƙe amshin kawai, shi zai jawo maka sauran."

Ban riƙe ba. Da na fara tasawa kunyar Hausa ta kama ni, da ya fara sai in sulale wurin ƙwallo. Ya rasu, aka rushe gidan, na ɗauka waƙar ta bi shi saboda sakacina.

Jiya sai bakina ya kamo amshin da kansa: "Hadari taso, ka kai ni gida." Na kira yayata a waya na rera mata.

Ta yi dariya ta ce, "Kai ka gudu, sarkin ƙwallo. Ni ina ƙasa ina wanki, ina ji." Ta jero baitocin har ƙarshe, ina amsa mata.

Allah ya sauki Kawu a gidan da ya fi wanda ya yi ta kira.