Babin Ƙafar Dougal

"Likitan yana ciki?"

"Yana ciki, amma ya daina duba masu rai. Matattu yake dubawa yanzu."

"Kamar yaya?"

"Littafi yake rubutawa, a kan yaƙin da suka yi."

Haka ake faɗa a garinmu na bakin teku game da Dakta Ewan Tulloch. Shekara ashirin da biyu yana bin rundunar soja da zarto da allura, sannan ya dawo gida, ya tura akwatin aikinsa a ƙarƙashin gado, ya ɗauki alƙalami. Tarihin rundunarsu ya rubuta, amma ba na manyan hafsoshi ba: wa ya kwana da ƙishirwa, wa ya mutu yana kiran uwarsa. Babi goma sha ɗaya sun tafi wurin mai ɗab'i a Edinburgh. Na sha biyu ya ƙi fita.

Dalilin kuwa yana zaune a ƙarshen layinmu: Dougal Baird, mai gyaran takalma, mai ƙafar katako. Da likitan ya koma kan tsofaffin takardunsa, sai ya ga abin da ya rubuta ranar da ya yanke ta. Harsashin bai taɓa ƙashi ba. Da an bar ƙafar, da ta warke. Mutum talatin ya yi wa yanka a yinin nan, hannunsa ya riga hankalinsa.

Ya rantse ba zai buga wannan ba sai Dougal ya ji daga bakinsa. Sau uku yana kai lafiyayyen takalmi gyara, yana dawowa bai ce komai ba.

A na huɗu Dougal ya jujjuya takalmin.

"Likita, wannan ma ba abin da ya same shi. Ko shi ma yankewa za mu yi?"

Likitan ya zauna a kan benci, ya faɗa masa komai, kansa a sunkuye.

Dougal ya ci gaba da goga wa zarensa kakin zuma.

"Na sani. Wanda ya danne ni ranar ya gaya min tun a jirgin dawowa."

"Kuma kake gaishe ni kullum?"

"Shekara biyar na yi ina tsine maka, sai na gaji. Masu ƙafa biyu an mayar da su fagen daga, yawancinsu suna can a kwance. Ni na dawo na auri Morag."

"Ina so in rubuta shi yadda ya faru. In ka ce a'a, zan ƙona babin."

Dougal ya ajiye zaren, ya daɗe yana kallon tsohon.

"Kar ka ƙona. Amma ni ban iya karatu ba, Likita. Ka kawo shi gobe ka karanta min, a hankali, Morag tana zaune."