Ƙafar da Lubabatu Ta Ƙi Tausawa

Shekara talatin Lubabatu ta yi tana tausa a Kara-Kara. Wurin kakarta ta gaji sana'ar, kuma duk macen da ta haihu a unguwar ta san nauyin hannunta. Ba ta da fara'a, lallashi kuwa ko a kasuwa ba ta taɓa gamuwa da shi ba, amma in ta kama bayan mai jego da man kaɗanya, sai an tashe ta daga barci.

A yunwar 2005, bayan fara ta cinye ɗan abin da rana ta rage, 'yarta Wasila ta zo daga Droum wankan gida. Ta zo a bushe kamar karan gero. Kwana tara da haihuwa ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga cinya har idon sawu, ta ɗau zafi. Lubabatu ta ɗora hannu, ta ji wani tauri da ba ta taɓa ji ba a shekara talatin. Ta janye hannunta, ta nemo taksi, sai gidan likita.

Wani dokotoro mai suna Kolo ya duba da na'ura. Ya ce, "Inna, jini ne ya daskare a babbar jijiya, can ciki. A ƙasashen da ke da kayan aiki, siririn tiyo ake zurawa ta bayan gwiwa har ya kai ga gudan jinin, a narkar da shi ko a zuƙe. Mu nan ba mu da shi. Sai dai pikir, allurar nan mai tsinka jini."

"Tunda babu, mene ne na ba ni labarinsa?"

"Don ki san girman abin. Kar kowa ya matsa ƙafar nan. In gudan ya ɓalle, huhu zai nufa."

Gado ma babu, yara masu tamowa sun cika ko'ina har baranda. Aka ce su koma gida, su riƙa zuwa pikir kullum safe.

Gida kuwa sai baki ya buɗe. Mai tausar unguwa ta ƙi tausa 'yar cikinta! Inno, yayar marigayi mijin Lubabatu, ita ta fi kowa zaƙewa. "Sanyin jego ne, Lubabatu. 'Ya'yan mutane kin gyara, taki kin zuba mata ido tana ruɓewa?"

"Yaya, ina ganin girmanki. Amma duk wadda ta taɓa ƙafar nan, ni da ita ne."

Kwana shida tana gadin ƙafar, ko maƙwabta ba ta leƙawa. Rana ta bakwai aka ce ana rabon hatsi, kuma sai mai kati da kanta. Tukunyar kunu ta kwana biyu a kife, nonon Wasila ya fara ɗaukewa, jaririya sai tsala kuka. To ya za ta yi? Ta ja wa kowa kunne, ta tafi. Tun hantsi take layi, ba ta samu ba sai la'asar.

Tun daga zaure ta ji ƙamshin man kaɗanya. Inno na tsakar gida tana wanke hannu, fuskar nan cike da murna. "Na sauke maki nauyi. Har ta ce ta ji sakayau."

Lubabatu ta yar da buhun, ta faɗa ɗaki. Wasila na zaune, ta dafe ƙirji, tana jan numfashi ba ya zuwa. Kafin taksi ya iso ƙofar gida ta cika.

Abin da ya fi ƙona rai a wurin zaman makoki ya faru. Inno na kuka, kukan gaskiya, tana cewa da tun ranar farko aka yi tausar da ba a kai ga haka ba. Mata suka gyaɗa kai. Lubabatu ta miƙe.

"Na ce kar a taɓa! Da Hausa na faɗa maku, ba da Faransanci ba!"

Aka rirriƙe ta, ana cewa ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ta ce ta san da kwana, ba su za su koya mata ba.

Jikar ta rayu da nonon akuya, a bayan kakarta. Lubabatu ta ci gaba da tausa, sai dai duk wadda ta zo mata da ƙafa ɗaya a kumbure, da masifa take kora ta gidan likita. Masu zuwa suka ragu. Har yau in ka tambaya a Kara-Kara, za a ce maka ai ita ce matar nan da ta bi maganar dokotoro ta bar 'yarta ta mutu.