Injin Ciyawar Kawuna

Na daɗe ina bin littattafan tarihi, kuma abin da na tattaro a cikinsu kakaf shi ne, tun da aka shimfiɗa duniya ba a yi yaƙi mai tsawo irin na mutum da ciyawa ba. Dauloli sun tashi sun faɗi, ita kuwa kowace damina sai ta dawo ta karɓi ƙasarta. A wannan yaƙi ni ma na taɓa riƙe muƙamin injiniya, kuma ko zan manta sunayen ɗalibaina duka, wannan ba zan manta da shi ba.

Lokacin ina ƙaramin malami a makarantar elementare ta Gwandu, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara kayansu. Kawuna, yayan mahaifiyata, a Kalgo yake zaune, sana'arsa yankan ciyawar dawaki. Ya sauka fadama da laujensa, ya yanko, ya ɗaure dami, ya ɗora a ka, ya hauro gari. Da wannan ya riƙe gidansa tun yana saurayi. To, sai wuya da baya suka fara yi masa gardama. Damin yana ta ƙanƙancewa, masu dawaki kuma sun fara waiwayen samari. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ɗan da ya tasa. In ciyawa ta kuɓuce masa, tukunyar gidansa ce za ta sauka daga murhu.

Rannan, farkon damina, sai ga shi a ƙofar gidana, ya biyo raƙuman fatake da wani koren ƙarfe ƙunshe a buhu. Wani kukun Bature ne ɗan Kalgo ya ba shi. Maigidansa ya bar Birnin Kebbi ya koma ƙasarsu, ya bar abin a bayan kicin domin ya daɗe da mutuwa. Yana da hannu biyu kamar na keke, da wani gungumen ƙarfe a baya kamar turmi a kwance, da wuƙaƙe murɗaɗɗu a gaba, da akwatin kwano, sai wata doguwar waya.

"Malam," in ji Kawu, don haka yake kirana in zai sa ni aiki, "wanga abu ciyawa shika yanka. Kuku da idonai ya gani. Ka ga akwatin? Shina yanka shina ɗauka. Kai ka yi boko, tashe shi."

Na ce, "Kawu, lantarki yake ci, mu kuwa ba mu da shi."

"Kai dai tashe shi tukuna. In ya farka mu nemo mai abinci."

Gaskiyar magana, ba tausayi kaɗai ya sa na karɓa ba. Na sha karanta yadda lantarki yake juya inji, na ma zana shi a allo da alli mai launi, amma ban taɓa leƙa cikin ko guda ba. Da na kwance murfin gungumen nan, mazaunan farko da na tarar zanzaro ne, sun yi gini hawa-hawa. Na tashe su ba tare da diyya ba. A ƙarƙashinsu ga naɗin wayar tagulla, siririya kamar gashin wutsiyar doki, an jera ta da tsari irin na saƙar hula. Na yi yini ina kallo kawai. Wane ne ya zauna ya naɗa wannan? Da wane irin haƙuri?

Sannu a hankali ciwon ya bayyana. Akwai wasu gawayi biyu ƙanana da suke gogar zoben tagulla su ba shi wuta, sun cinye har sun kusa ɓacewa. Zoben kansa ya yi baƙi ƙirin. Boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke sa juyi ya yi santsi, ya ƙame da tsatsa. Wata waya kuma rigarta ta ƙone, ta zauna tsirara. Boris na jiƙa shi a kananzir har ya saki, na bi shi da man keken ɗinki. Zoben na goge shi da toka da lemun tsami, yadda mata ke wanke tasa. Wayar na naɗe ta da zaren alharini, na shafe da ƙaro na shanya. Gawayin ne ya tsaya mini a rai. Na gwada na maƙera, ya marmashe. Sai wata rana ina ba yara darasi a kan tocila, na fasa tsohon batir don su ga cikinsa, ga baƙin sanda a tsakiya yana kallona. Ban san yadda darasin ya ƙare ba. Na yi ta gurza sandan a dutsen wasa wuƙa har ya shiga gurbinsa daidai.

Matata ta ce tun da ƙarfen nan ya shigo gidan, shi kaɗai ake tambaya yadda ya kwana. Hedimasta kuwa kullum sai ya ce, "Malam, yaya mai jiki?" Nakan ce da sauƙi, alhali ba ni da hanyar sani. Abin da zan iya kawai shi ne in haɗa batir da ƙwan tocila in ga ko wuta tana ratsa wayoyin. Tana ratsawa. Amma likitan da bai taɓa ganin majinyacinsa ya motsa ba, ai bai kamata ya cika baki ba.

Kawu ne ya nemo abincin, kamar yadda ya yi alkawari. Wajen ƙarshen damina ya aiko cewa motar majigi, mai yawon nuna silima, za ta zo Kalgo, kuma tana tafe da injin wutarta. Na ɗora majinyaci a motar kasuwa na tafi. Direban majigin, wani ƙaton mutum mai yawan dariya, ya zagaya injin Kawu, ya leƙa cikinsa, ya ce, "Malam, gawayin tocila? Kai, Allah shi kyauta! In ya ƙone mini inji, kai za ka tsaya gaban farin ƙyalle ka yi wa mutane wasa." Ya dai yarda a gwada bayan la'asar, kafin jama'a su taru. Jama'a kuwa suka taru.

Ya tayar da injinsa, ya haɗa wayar. Na danna. Shiru. Sai wani ɗan ƙugi, sai tartsatsi shuɗi, sai warin ƙaro mai zafi, sai wuƙaƙen nan suka ɗauki juyi har ido ba ya ganinsu. Yara suka watse, wani tsoho ya yi salati. Ni kuwa, ban taɓa jin waƙar da ta kai wannan ƙugin daɗi ba.

Kawu ya kama hannayen ya tura shi cikin doguwar ciyawa a gefen fili. Ciyawar ta kwanta, injin ya wuce, ta miƙe abinta. Ya koma kan 'yar gajeruwa wadda awaki suka rage. Nan fa injin ya nuna gwaninta, ya aske wurin tas. Kawu bai yi nisa ba wayar ta ƙare, ta fizge shi baya. Fadama kuwa tana can inda ko ƙarar ba ta kaiwa.

Ya durƙusa ya buɗe akwatin, ya damƙo abin da ke ciki. Ciyawa ce an yi mata yankan kuɓewa. Ya zaro igiyar daminsa ya gwada ɗaurewa, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya sake gwadawa. Babu wanda ya yi dariya.

"To su Turawa," in ji shi, "mi suka yi da ita?"

Direba ya ce, "Zubarwa, Baba. Su shuka ta a ƙofar gida, su ba ta ruwa, in ta taso su aske, su zubar."

"Ba doki?"

"Ba doki. Kallo kawai."

Kawu ya daɗe a durƙushe, hannu ɗaya a ƙugu. Sannan ya ce, "Ashe wanzami na ɗauko."

Sai direban ya matso. Ya ce shi wuƙaƙe ba su dame shi ba, amma abin da ke juya su yana so, akwai mai wasa almakashi a Sakkwato da zai yi murna da shi. Kawu ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwa. "Wanga da Malam ya gyara da hannunai? Ai ba shi arha." Suka shiga ciniki har aka kira magariba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tambayi abu me ya kashe shi, ka tambaya don me aka yi shi, kuma ka tambayi mai shi ina ke masa ciwo. Kawu yanka bai taɓa gagararsa ba, a tsugune yake yi. Ɗauka ce ta gagare shi. Da abin da direba ya ba shi ya sayi jaki, ya ci gaba da sana'arsa har tsufa ya zaunar da shi. Jakin ya yi shekaru yana aiki, ba a taɓa canza masa gawayi ba.